Zuciya Biyu a Neman Aure

Karatu: Farawa 24:50-61

'Yan'uwa masu sauraro, a ikilisiyoyinmu akwai saurayi da budurwa da za su yi shekara uku ko huɗu suna nema, amma da zarar an ce iyaye su shigo maganar, sai ɗaya ya ja da baya. Yau yana so, gobe yana shakka.

Me ke kawo haka? Wani tsoron sadaki da kayan aure ne. Wata ta ga yadda auren iyayenta ya watse. Wasu kuma yarensu ba ɗaya ba ne, suna gudun bakin dangi.

Ku dubi Rifkatu. Mahaifiyarta da ɗan'uwanta Laban sun so ta ƙara kwana goma a gida, amma da aka tambaye ta, sai ta yarda ta bi bawan Ibrahim zuwa Kan'ana. Bawan ya riga ya yi addu'a, gidansu kuma sun amince. Addu'a da shawarar manya su ne ke tsayar da zuciya.

Ɗan'uwana, in ba ka shirya ba, gaya mata gaskiya, kada shekarunta su wuce tana jiranka. 'Yar'uwata, ke ma haka. In kuwa tsoro ne kawai, ku je wurin fasto da dattawa tare.

Ubangiji ya ba mu zuciya ɗaya. Amin.