Kafin A Ɗauko 'Yar Kyanwa

Shirin namu na yau yana zuwa muku ne daga unguwar Ridina, a nan birnin Njamena, kuma zancen kyanwa za mu yi.

A Turai, mai son kyanwa wurin masu kiwo yake zuwa ya biya kuɗi, ko gidan da ake tara yasassun dabbobi, a haɗo shi da takardar allura. Mu nan sai ɓera ya huda buhun gero, ko ya yi wa busasshen kifi ta'adi, sannan uwargida ta aiki yaro: "Je ka gidan Hajiya, ka ce ina gaishe ta, in magen nan ta haihu a ajiye mini ɗaya." Babu ciniki, ko dala ba a biya. To, amma don abu kyauta ne ba a karɓarsa ido rufe.

Gaggawa ce take fara kashe 'yan kyanwa. 'Yar kyanwa sai ta yi kamar kwana 10 a duniya kafin ta buɗe ido, kuma tana buƙatar nonon uwa har sati 8. Na taɓa ganin wadda aka kawo wa maƙwabtanmu cikin kwalin shayi, ba ta wuce sati uku ba. Kwana ta yi tana kuka. Aka dama mata madarar gari a murfin kwano, ta lasa, zawo ya kama ta, kwana huɗu aka fitar da ita a shara. Cikin kyanwa ba ya jure madarar shanu kamar yadda muke zato. Da an bar ta wata biyu, da ta iya cin kifi da nama, ta koyi binne kashinta daga uwa.

Ranar ɗauka kuma, uwargida, ki je da kanki, kada ki aiki yaro, don shi mai kyan launi kawai zai zaɓo. Ki fara duban uwar. Sannan ki ja zare a ƙasa ki ga wadda za ta biyo shi da tsalle. Ɗaga ta: ido garau ba kwantsa, hanci ba majina, ƙarƙashin wutsiya a bushe. In ciki ya kumbura alhali haƙarƙari na waje, tsutsa ce. Ki buɗa gashin wuya ki nemi ƙuma. In kuwa kika ga wata da'ira da gashi ya zube, makero ne, kuma yana kama yara.

Sai babbar magana, ciwon haukan kare. Sunan ne yake ruɗinmu, domin kyanwa ma tana ɗauka, tana kuma bai wa mutum. Da yawanku za ku tuna shekarun 2012 da 2013, lokacin da cibiyar binciken dabbobi ta Farsha, wato IRED, da masana daga Suwizalan suka bi unguwannin Njamena suna yi wa karnuka allura kyauta. Karnukan da aka yi wa allurar sun kai sama da kashi 70 cikin ɗari, cutar ta lafa na wani lokaci, daga baya ta sake shigowa daga wajen gari. Don haka da zarar kyanwarku ta cika wata uku, a kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata allurar. Ba kowace ce kyanwar Lami ba. In ta yi cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti, kada a tsaya shafa toka.

Wadda aka tsinta a bakin kwata fa? Akwai lada, ai daga 'yar kyanwa Abu Huraira, Allah ya ƙara masa yarda, ya samu laƙabinsa. Sai dai a ɗan dakata tukuna, wataƙila uwar kiwo ta tafi. In an ɗauka, a ware ta daga yara har likita ya gan ta.

Maigida, kai ma da sauran magana. Macen kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin kuma wata biyu ne kacal. Ka tambayi likita batun aikin hana haihuwa tun yanzu, kada baɗi mu gan ka da buhu mai motsi ka nufi bakin kogin Shari.

A nan za mu dakata. Mu kwana lafiya.