Gasar Rubuta Manhaja a Kafanchan: Yadda Ake Shirya Ta da Abin da Ke Hannu

A Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Kachia akwai matasa da dama da suka koya wa kansu rubuta manhajar kwamfuta, abin da a tsakaninsu suke kira kodin. Wani a shagon buga takardu ya fara, wani a wayar hannu da datar dare mai rahusa, wani kuma a ajin kwamfuta na kwaleji. Abin da ya haɗa su shi ne kowa shi kaɗai yake fama. In manhaja ta ƙi aiki babu wanda zai tambaya, in ta yi aiki babu wanda zai nuna wa. Da yawa a nan suke sarewa.

Masu sha'awar kwamfuta sun daɗe da gano maganin wannan: a tara su a ɗaki ɗaya, a ba su matsala, a yanka musu lokaci. Sai dai da an ambaci irin wannan gasa, hankali kan tafi babban zauren otal a Legas ko Abuja, da kamfanoni masu ɗaukar nauyi da kyautar miliyoyi, sai a ce ai wannan ba namu ba ne. Alhali ana iya shirya gasa mai inganci a ajin makaranta guda, ko da babu intanet. Ƙaramar gasar da ake maimaitawa kuwa ta fi babban bikin da ake yi sau ɗaya a watse amfani.

Da ƙanana aka fara

A watan Maris na 1975 wasu masu sha'awar kwamfuta, kimanin mutum 30, suka taru a garejin wani gida a Menlo Park ta jihar Kalifoniya a Amurka. Suka sa wa ƙungiyarsu suna Homebrew Computer Club, suka riƙa haɗuwa a kai a kai, kowa na nuna abin da ya haɗa. A nan Steve Wozniak ya nuna kwamfutar Apple ta farko. Gasar ɗaliban jami'o'i ta duniya da ake kira ICPC ta samo asali ne daga wata gasa da aka yi a Jami'ar Texas A&M a 1970. Ta ɗaliban sakandare, wato IOI, an fara ta a Bulgeriya a 1989. Taron da ake kira hakaton kuwa, ɗaya daga cikin na farko an yi shi ne a Kalgari ta Kanada a 1999, da masu rubuta manhajar OpenBSD su goma kacal.

Kafanchan ma tana da nata tarihin. A 1996 aka kafa Gidauniyar Fantsuam, wadda ke unguwar Bayan Loko, ƙarƙashin jagorancin John Dada da Kazanka Comfort. Ta fara da ba matan karkara ƙananan rance, sannan ta shiga koyar da kwamfuta. A 2001 cibiyarta ta koyarwa ta ci kyautar Hafkin ta farko da ƙungiyar sadarwa ta APC ta bayar a Afirka. Daga baya ta kafa Zittnet, hanyar intanet marar waya da ta sada cibiyoyi a garin da kewayensa, ta kuma shiga aikin wata kwamfuta mai suna Solo, wadda aka tsara don ta jure zafi da ƙura, ta ci wuta kaɗan yadda ƙaramin faifan sola zai riƙe ta. Darasin da ke cikin aikinsu shi ne, sun fara duba halin da garin ke ciki, sannan suka tsara fasahar ta dace da shi. Mai shirya gasa ma daga nan ya kamata ya fara.

Yau ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ga Jami'ar Tarayya da ke Kachia, ga makarantun sakandare masu ɗakin kwamfuta. Cibiyoyi irin su CoLab a Kaduna da nHub a Jos da CITAD a Kano ba su yi nisan da za a kasa neman shawararsu ko gayyato alƙali daga cikinsu ba.

Wace iri za a yi?

Taron iri biyu ne, kuma haɗa su a rana ɗaya kan rikita komai. Na farko shi ne gasar warware tambayoyi. A tsarin ICPC mutum uku ne a ƙungiya, kwamfuta ɗaya, awa biyar. Wanda ya fi warware tambayoyi shi ke gaba. In an yi kunnen doki sai a duba lokaci, kuma duk amsar kuskure da aka tura kafin a dace tana jawo tarar minti 20. Na biyu shi ne hakaton, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar wata matsalar al'umma su gina manhaja a kanta cikin yini ɗaya ko biyu, sannan su nuna wa alƙalai.

Ga masu farawa, gasar tambayoyi ta fi sauƙin shiryawa, ta kuma fi kawar da gunaguni, domin amsa ko dai daidai ce ko ba daidai ba. Awa uku da tambayoyi shida sun isa. Kwamfuta ɗaya ga mutum uku ma alheri ce a wurin da ba kowa ke da laftof ba: laftof goma sun ishi mutum 30, kuma dole su yi shawara, ɗaya na bugawa, biyu na lissafi a takarda.

Tambaya ita ce gasar

Mafi yawan aikin mai shiryawa yana wajen rubuta tambayoyi. A tsara su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, yadda kowace ƙungiya za ta warware aƙalla ɗaya, kuma da wuya a sami wadda za ta cinye duka. Wanda ya yini bai warware ko ɗaya ba, ba zai dawo ba. A kuma ɗauko tambayoyin daga rayuwar da 'yan gasar suka sani.

Ga misali. Mata 12 suna adashi, kowane mako mutum ɗaya ke kwasa bi da bi, in an zagayo a koma farko. A rubuta manhajar da za a ba ta adadin matan da lambar mako, ta faɗi wadda za ta kwasa. A mako na 30, a raba 30 da 12, saura 6, ke nan ta shida ce. Ƙungiya za ta rubuta wannan cikin minti biyar ta tura tana murna, sai alƙali ya dawo mata da amsa cewa kuskure ne. Me ya faru? A cikin gwaje-gwajen da aka ɓoye akwai mako na 24. An raba 24 da 12 babu saura, manhajarsu ta ce mace mai lamba sifili ce za ta kwasa, alhali ta 12 ce. Wata ƙungiyar kuma ta sa manhajarta tana ƙirga makonni ɗaya bayan ɗaya. Amsarta daidai ce, amma da aka ba ta lamba mai yawan biliyoyi sai lokacin da aka yanka mata ya ƙare ba ta gama ba. Tambaya ɗaya ta koyar da abu biyu da mai rubuta manhaja zai yi ta karo da su muddin yana wannan aiki: duba bakin iyaka, da neman gajeriyar hanya.

Saboda haka kowace tambaya tana buƙatar bayani marar harshen damo, da misali ɗaya ko biyu a fili, da gwaje-gwaje na ɓoye masu kama irin wannan kuskure. Mutum biyu su warware ta dabam-dabam kafin ranar gasa. In amsoshinsu suka saɓa, to ko dai bayanin na da matsala ko gwajin. Babu abin da ke zubar da mutuncin gasa kamar a gano cewa amsar alƙali ce ba daidai ba. Waɗanda suka ga tambayoyin kuwa ba sa shiga gasar, ba sa kuma horar da wata ƙungiya.

Alƙali da wuta

Ba sai mutum ya zauna yana duba amsoshi da ido ba. Akwai manhajojin alƙalanci na kyauta, irin su DOMjudge da PC², da ake ɗorawa a laftof ɗaya. A haɗa ta da sauran kwamfutocin ta rauta, ko da babu data a ciki. Ƙungiya ta tura aikinta, manhajar ta gwada shi da gwaje-gwajen ɓoye, nan take ta ba da hukunci, allon sakamako ya canza a majigi. Rashin intanet a nan riba ce: babu kuɗin data, babu fargabar katsewar sabis, kuma babu wanda zai kwafo amsa daga ChatGPT. A dai tabbatar an saka Python ko C++ ko Java a kowace laftof tun jajibiri, a tara wayoyin 'yan gasa a teburin alƙalai. A awa ta ƙarshe akan daskarar da allo, kowa ya ci gaba da ƙoƙari ba tare da sanin wanda ya wuce shi ba. A gasar ICPC ana ɗaura wa ƙungiya balan-balan duk lokacin da ta warware tambaya, launi ɗaya ga kowace tambaya. Abu ne mai arha da ke sa ɗaki ya ɗauki zafi.

Batun wuta kuwa, a shirya kamar ba za a kawo ta ba. Laftof kan ja kimanin wat 45 zuwa 65. Guda goma da ta alƙali da majigi da rauta ba za su fi ƙarfin janareta mai kilowat biyu ba. A ajiye shi a waje nesa da taga saboda hayaƙinsa na kisa, a tanadi man da zai kai yini. Rauta da kwamfutar alƙali a ɗora su a kan inbata ko batir, domin in suka mutu gasar ta tsaya cak. Duk mai laftof ya zo da ita cike da caji. A rubuta tun farko cewa in aka sami katsewa za a tsayar da agogo ga kowa. Kwana ɗaya kafin gasa a yi gwaji a ɗakin da za a yi ta, da soket ɗin da za a yi amfani da su. A nan ake gano igiyar da ba ta kai ba da laftof ɗin da ta ƙi ganin rauta.

Rana, wuri da mutane

Asabar ta fi dacewa, tunda Juma'a da Lahadi ranakun ibada ne. A kauce wa lokacin jarrabawa da tsakiyar aikin gona. A fara da ƙarfe 9 na safe, a ware lokacin sallar azahar da cin abinci, a tashi kafin ƙarfe 4, domin wanda ya taso daga Manchok ko Godogodo ya isa gida da sauran rana. A zaɓi wurin da kowa zai shiga hankali kwance, kamar makaranta ko ɗakin taro na gari, a nemi izinin shugabannin wurin a rubuce, a sanar da jami'an tsaro. Ɗaliban sakandare su zo da takardar amincewar iyaye da malami ɗaya.

Yankin da ya ga rikicin 1987 da na 2011 ya san tsadar rashin jituwa. Gasa ba za ta warware wannan ba, amma in aka haɗa ƙungiyoyi ta hanyar ƙuri'a, Bajju da Bahaushe da Atyap za su iske kansu a gaban allo ɗaya suna neman inda waƙafi ya ɓace. A ware wa 'yan mata gurbi, a je har makarantunsu a gayyace su, kada a tsaya ga sanarwa a WhatsApp. Wanda ba shi da laftof ma kada a bar shi a baya: manhajar Pydroid tana ba shi damar atisayen Python a wayar Android kafin ranar.

Kuɗin da ake buƙata na mai ne da ruwan sha da abinci da buga takardu da kuɗin motar na nesa. Neman gudummawar kaya ya fi neman tsabar kuɗi sauƙi: makaranta ta ba da aji, mai shagon buga takardu ya buga tambayoyi, wani ya ba da aron janareta. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta a gaban kowa. Kyauta kada ta yi girman da za ta haddasa rigima. Filash da littafi da katin data da takardar shaida sun wadatar, a kuma ware ta sababbin shiga.

Bayan an tafa

Rabin awar da ta fi kowace amfani ita ce ta bayan sanar da sakamako. Wanda ya warware kowace tambaya ya tashi ya nuna a allo yadda ya yi, a raba tambayoyin da amsoshinsu da gwaje-gwajen ɓoye ga kowa a filash. Wanda ya sha kaye a tambayar adashi ya tafi gida ya san inda ya kuskure.

In an yi irin wannan sau uku ko huɗu, an san juna, an san gwanin lissafi da gwanin tsara fuskar manhaja, to lokacin hakaton ya yi. Matsalolin da za a ɗauka suna nan birjik. Manoman citta a Kachia da Jaba da Kagarko, waɗanda cuta ta yi wa gonakinsu mummunar ɓarna a 2023, suna buƙatar hanyar sanin farashi da kai rahoton cuta da wuri. Ƙungiyoyin adashi suna buƙatar ajiyar lissafi. Harshen Tyap ya sami Wikipedia tasa a 2022, kuma shi da Jju da Hyam suna buƙatar ƙamus da allon rubutu na waya mai ɗauke da haruffansu. A gayyato manomin da uwar adashin su bayyana matsalar da bakinsu, su kuma zauna cikin alƙalai, domin su ne za su iya cewa abin da aka gina zai yi aiki ko ba zai yi ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka a raba aikin uku: mai kula da tambayoyi da alƙalanci, mai kula da wuri da wuta, da mai kula da mutane da kuɗi. Kowannensu ya ɗauki mataimaki daga cikin 'yan gasa, domin ranar da karatu ko aiki ya ɗauke shi daga gari a sami wanda ya riga ya iya. Kuma kada a bari kowa ya fita daga ɗakin sai an tsayar da ranar haɗuwa ta gaba, an faɗi wurin, an kuma rubuta sunayen mutum biyun da za su kawo tambayoyi.