Bututun Hayaƙi: Yadda Ake Haɗa Shi Da Murhun Itace, Da Na'urar Da Za Ta Tashe Ka Idan Ya Gaza

Idan kana kallon bidiyoyin gidajen Turai ko Amurka a YouTube, ka sha ganin murhu a cikin falo, itace na ci, mutane na zaune suna jin ɗumi, kuma babu mai tari. Mu kuwa a nan, da an hura itace a kicin sai idanu su fara zubar da ruwa, bango ya yi baƙi. Bambancin yana cikin bututun da ke fitar da hayaƙin ta saman rufi. Yau za mu duba yadda yake aiki da ƙa'idojin haɗa shi, domin kuskure a nan rai yake ci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, galibi saboda girki da itace, gawayi da makamantansu. Don haka maganar ta shafi mai son gina murhun ɗumi a wuri mai sanyi kamar Jos ko tsaunin Mambila, ta kuma shafi kicin ɗin iyayenmu mata.

Yadda bututun ke jan hayaƙi

Laptop tana fitar da zafinta da fanka. Bututun hayaƙi ba shi da fanka ko batir, zafin da kansa ne injinsa. Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, don haka tana hawa sama. Yayin da take hawa cikin bututun, sai ta jawo sabuwar iska daga ɗaki zuwa cikin murhu, wutar ta samu abin ci, hayaƙin kuma ya bi sama.

Abu uku ke ƙara ƙarfin wannan jan: tsawon bututun, zafin cikinsa, da kuma miƙewarsa. Akwai na huɗu da ake yawan mantawa: dole sabuwar iska ta samu hanyar shiga ɗakin. Idan ka toshe kowace kafa saboda sanyi, jan zai yi rauni, hayaƙin ya dawo maka.

Ƙa'idojin haɗawa

Waɗannan alƙaluman daga ƙa'idojin gini na Amurka da Ingila suke, inda aka daɗe ana wannan aiki.

1. Faɗi. Bututun ya zama daidai da bakin da murhun ke fitar da hayaƙi, wanda a yawancin murhunan ƙarfe inci 6 ne. Kada a rage shi don tsimi. Idan kuma ya yi faɗi da yawa, hayaƙin zai huce kafin ya kai sama.

2. Tsawo. A Ingila ana ba da shawarar kimanin mita 4.5 daga saman murhu. A Amurka akwai ƙa'idar 3-2-10: bututun ya ɗara wurin da ya huda rufin da aƙalla ƙafa 3, kuma ya fi duk wani ɓangaren gini da ke cikin tazarar ƙafa 10 tsawo da ƙafa 2. Idan ya gaza haka, iskar da ke karo da rufi za ta tura hayaƙin ƙasa.

3. Tazara daga abin da ke kama wuta. Bututu mai bango ɗaya yana buƙatar inci 18 tsakaninsa da katako, silin ko labule. A wurin da zai ratsa silin da rufi ana amfani da bututu mai bango biyu da abin tare zafi a tsakani, wanda yawanci inci 2 ya ishe shi. A nan gobara kan tashi, saboda katakon rufi yana bushewa a hankali har wata rana ya kama.

4. Lanƙwasa. Miƙaƙƙen bututu ya fi. Idan dole ne a lanƙwasa, kada ya wuce sau biyu, kuma ɓangaren da ya kwanta ya zama gajere, yana ɗan hawa sama.

5. Mahaɗa. Bakin da aka tsuke na kowane bututu ya kalli ƙasa, wajen murhu, don duk abin da ya tsiyayo ya koma ciki maimakon ya fito ta waje. A ɗaure kowace mahaɗa da sukurori uku.

6. Irin ƙarfe. Ka faɗa wa mai walda kada ya yi amfani da farin kwano irin na rufi. An shafe shi da sinadarin zink, wanda ke fitar da tururi mai cutarwa idan ya yi zafi sosai. A nemi baƙin ƙarfe mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa.

7. Hula. A ɗora wa bututun hula mai raga don hana ruwan sama da tsuntsaye, a kuma liƙe inda ya huda rufin da kyau saboda yoyo.

Bayan an gama, ka ƙona takarda a cikin murhun don bututun ya ɗumama, sannan ka kunna turaren tsinke ka riƙe a bakin murhun. Idan hayaƙin turaren ya shige ciki, jan yana aiki. Idan ya dawo ɗaki, kada ka hura wuta sai an gyara.

Itace da kunkunniya

Ɗanyen itace shi ne babban abokin gabar bututu. Hayaƙinsa yana barin wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta a jikin ƙarfen, ana ce masa kiriyosot. Yana toshe hanya, kuma yana iya kama wuta a cikin bututun. Ana son damshin itace ya zama ƙasa da kashi 20 cikin 100, akwai ma ƙaramar na'ura mai allurai biyu da ake cakawa a jikin itacen ta nuna adadin. A duba bututun aƙalla sau ɗaya a shekara, a goge shi idan kunkunniyar ta kai kaurin milimita 3.

Wayarka ba za ta gano wannan ba

Hayaƙin da ido ke gani yana ba ka gargaɗi. Iskar kabon monoksaid kuwa ba ta da launi, ba ta da wari. Tana fitowa idan wuta ba ta samun isasshiyar iska, kuma tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 ko fiye. Alamominta ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya da kasala, sai mutum ya zaci zazzaɓi ne ke shirin kama shi. Mai barci kuwa yana iya wucewa ba tare da ya farka ba.

Idan ka ga manhaja tana iƙirarin auna wannan iskar da waya kaɗai, kada ka yarda. Wayoyinmu ba su da firikwensin da ke yin wannan aikin. Abin da ake buƙata shi ne na'urar gargaɗin kabon monoksaid, ƴar ƙarama mai batir, wadda ke ƙara da ƙarfi idan iskar ta yi yawa. Wajen saye ka duba lambar EN 50291 ko UL 2034 a jikinta, ka kuma duba ranar ƙarewar aikinta, domin firikwensinta yana mutuwa bayan shekara 5 zuwa 10. A kafa ta sama a bango, tazarar mita 1 zuwa 3 daga murhu, a sa wata kusa da ɗakin kwana. Na'urar gano hayaƙi daban ce, ba ta maye gurbin wannan. Akwai masu Wi-Fi da ke turo saƙo waya, amma wannan ƙari ne kawai. Ƙarar da za ta tashe ka daga barci ita ce mai muhimmanci.

Idan ta yi ƙara, a fitar da kowa waje nan take, a buɗe ƙofofi da tagogi, wanda ke jin jiri ko ciwon kai a kai shi asibiti a faɗa wa likita abin da ya faru.

Kaskon gawayi da muke shiga da shi ɗaki lokacin hunturu ba shi da bututu ko kaɗan, kuma gawayi yana fitar da wannan iskar ko da ba ka ga hayaƙi ba. Haka janareta idan aka kunna shi a cikin gida ko kusa da taga. A fitar da kaskon waje kafin a kwanta, a ajiye janareta nesa da ɗaki. Ka tura wannan bayani ga ƴan gidanku kafin sanyi ya shigo. Allah Ya kare mu baki ɗaya.