Wayar Fasto da Hannun Ɗan Sanda

'Yan'uwa, wayar fasto ta zama akwatin asirin ikkilisiya. Matar da aurenta ke tangal-tangal ta turo saƙo, sabon tuba da ke ɓoye wa danginsa ya rubuto da tsakar dare yana neman addu'a. Duk suna ciki. In ɗan sanda ya tare mu a shinge ya ce a buɗe, asirin mutum nawa zai tonu?

Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin wasiƙu da maganar waya. A Oktoban 2020 Sufeto Janar Mohammed Adamu ya hana 'yan sanda binciken wayoyi barkatai a hanya.

Amurka ma ta sha wannan gardama. Bayan harin San Bernardino na 2015 da ya kashe mutum 14, hukumar FBI ta nemi Apple ya buɗe wayar maharin. Kamfanin ya ƙi, don makullin da aka ƙera wa hukuma yana iya faɗawa hannun miyagu. A 2016 FBI ta biya wasu suka buɗe.

Mu da masu garkuwa suka sha kwashe mana mutane ba ma so a ɗaure hannun masu bincike. Amma kamfanonin sadarwa suna riƙe da bayanan kira, hukuma na iya nema bisa doka, ba sai an laluba aljihun kowa ba. WhatsApp yana kulle saƙo tun 2016 har kamfanin ma ba ya iya karantawa, sai dai wayar da ba ta da lambar sirri a buɗe take ga duk wanda ya riƙe ta. Fastoci da shugabannin Zumuntar Mata su sa lambar, su kuma goge saƙon neman shawara da zarar an gama da shi.