Yadda Ɗalibin C++ Zai Samu Manhajar Fassara a Kwamfutarsa ta Gida

Matasa da dama a Najeriya sun rungumi koyon rubuta manhajar kwamfuta, wasu a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, wasu kuma ta hanyar shirye-shiryen horaswa irin su 3MTT, wanda Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a shekarar 2023 da nufin horar da mutum miliyan uku. Sai dai cikas na farko da akasarinsu ke cin karo da shi ba a cikin aji yake ba. Yana zuwa ne a lokacin da ɗalibi ya koma gida, ya rubuta aikin da aka ba shi a harshen C++, amma kwamfutarsa ta ƙi aiwatar da ko layi ɗaya. Abin da ya rasa shi ne manhajar fassara, wadda masu wannan sana'a ke kira kwamfaila.

Mafi ingancin irin waɗannan manhajoji kyauta ake bayar da su. Asarar da ɗalibi ke tafkawa daga rashin sani take fitowa: ko ya ƙone datarsa wajen sauke abin da ba shi yake buƙata ba, ko ya sayi kwafin sata mai ɗauke da ƙwayar cuta, ko kuma ya shafe zango guda yana koyo da manhajar da aka daina amfani da ita tun kafin a haife shi.

Mene ne aikin kwamfaila?

Ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta fahimtar komai sai umarnin da aka tsara da sifiri da ɗaya. Harsuna irin su C++ an ƙirƙiro su ne domin ɗan Adam ya iya rubutawa ya kuma karanta. Saboda haka dole a samu mai shiga tsakani. Kwamfaila tana ɗaukar rubutun gaba ɗaya, ta bincika ko ya bi ƙa'idojin harshen, sannan ta mayar da shi harshen na'ura, ta haɗa shi da ɗakunan ajiyar umarni da ya dogara da su, ta fitar da sabon fayil wanda zai iya aiki shi kaɗai.

Aikinta ya yi kama da na mai fassara littafi, wanda yake kammala aikinsa kafin littafin ya isa hannun mai karatu. Akwai kuma wasu harsunan, kamar Python, waɗanda aka fi tafiyar da su ta hanyar manhajar da ke aiki irin na tafinta a wurin taro, wato tana fassarawa ana aiwatarwa nan take. C++ na cikin rukunin farko, don haka babu yadda za a yi a gwada shi ba tare da kwamfaila ba.

Wannan dabara ta daɗe. Grace Hopper, jami'ar sojan ruwan Amurka kuma masaniyar lissafi, ta samar da ɗaya daga cikin manhajojin fassara na farko a shekarar 1952, kana kamfanin IBM ya fitar da ta harshen Fortran a 1957.

Harsunan da aka gina a kan abu da aikinsa

C++ na daga cikin harsunan da ke tsara manhaja a matsayin tarin abubuwa, kowane abu da bayanansa da kuma ayyukan da yake iya yi. Misali, mai rubuta manhajar banki zai fara tsara mazubi guda mai suna Asusu, ya ce kowane asusu yana da sunan mai shi da lamba da adadin kuɗi, kuma ana iya yin ajiya a cikinsa ko a cire. Daga wannan mazubi ne za a riƙa fitar da dubban asusu, kamar yadda ake buga bulo da yawa da mazubi ɗaya.

Masana biyu 'yan ƙasar Norwe, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, su ne suka assasa wannan tsari a harshen Simula cikin shekarun 1960. A 1979 Bjarne Stroustrup, ɗan ƙasar Denmak da ke aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, ya fara ɗora tsarin a kan harshen C. An raɗa wa sabon harshen suna C++ a 1983, aka fitar da shi kasuwa a 1985. Hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ta amince da ƙa'idojinsa a 1998, ta yi masa babban garambawul a 2011, daga nan kuma ake sabunta shi duk bayan shekara uku: 2014, 2017, 2020 da 2023. Waɗannan shekaru suna da muhimmanci ga mai neman kwamfaila, domin wadda aka yi kafin wata ƙa'ida ba za ta gane abin da ƙa'idar ta zo da shi ba.

Manyan manhajojin fassara guda uku

Ta farko ita ce GCC, wadda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987 a ƙarƙashin shirin GNU na manhajoji masu 'yanci. Sashenta mai fassara C++ shi ake kira g++. Ta biyu ita ce Clang, wadda aka gina a kan aikin LLVM da ya faro a Jami'ar Illinois a shekarar 2000, kuma kamfanin Apple ya taka rawa sosai wajen bunƙasa ta. Ta uku ita ce ta kamfanin Microsoft, wadda ke zuwa a cikin Visual Studio. Dukansu ukun suna bin ƙa'idojin ISO, kuma duk wadda mai koyo ya samu a cikinsu ta wadatar da shi.

A nan ne ake yawan samun ruɗani tsakanin kwamfaila da manhajar da ake yin rubutu a cikinta. Visual Studio Code, wadda Microsoft ya fitar a 2015, ta shahara ƙwarai, amma wurin rubutu ce kawai, ba ta zuwa da kwamfaila. Ɗalibin da ya sauke ta ita kaɗai tamkar wanda ya sayi alƙalami da takarda ne bai samu mai fassara ba. Haka kuma ba ɗaya suke da Visual Studio ba, duk da kamancin suna.

Ga mai amfani da Windows

Windows ba ya zuwa da kwamfailar C++, don haka sai an ɗora ta. Hanyoyi uku ne suka fi shahara, kuma ƙarfin kwamfuta da yawan datar da mutum zai iya saye su ne za su nuna masa wadda ta dace da shi. Batun data ya ƙara nauyi tun bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data a watan Janairun 2025.

Hanya mafi sauƙi ita ce Code::Blocks, wadda ta haɗa wurin rubutu da maɓallin fassara a wuri guda, kuma ba ta da nauyi ga tsohuwar kwamfuta. A shafinta akwai fayiloli da dama, kuma wanda ke ɗauke da kalmar mingw a cikin sunansa shi ne mai zuwa da kwamfaila. Wanda ya zaɓi wani daban zai ɗora manhajar lafiya, amma da ya danna maɓallin fassara za ta sanar da shi cewa ba ta ga kwamfaila ba. Ana iya kwafar wannan fayil a filashi a raba wa ɗalibai da dama, kuma lasisin manhajar ya halatta hakan.

Hanya ta biyu ita ce MSYS2, wadda ke kawo sabuwar GCC ga Windows ta hanyar MinGW-w64. Bayan an ɗora ta, sai a buɗe tagar umarninta a rubuta:

pacman -S mingw-w64-ucrt-x86_64-gcc

Daga nan sai a saka adireshin foldar da g++ yake ciki a jerin da Windows ke kira PATH, wato jerin wuraren da yake dubawa idan an kira sunan wata manhaja. Wannan hanya ta fi dacewa da mai son yin rubutu a Visual Studio Code.

Hanya ta uku ita ce Visual Studio Community, wadda Microsoft ke bayarwa kyauta ga ɗalibai da ɗaiɗaikun masu rubuta manhaja. A lokacin ɗora ta dole a zaɓi sashen da aka rubuta wa "Desktop development with C++", idan ba haka ba kwamfailar ba za ta sauko ba. Tana da kayan aikin gano kuskure masu inganci, amma tana cin gigabait da dama na data da na wurin ajiya, kuma tana wahalar da kwamfuta mai ƙaramar ƙwaƙwalwa. Wanda ya zaɓe ta ya kamata ya tabbatar batirinsa a cike yake kuma intanet ɗinsa ba mai yankewa ba ne.

Kafin sauke kowace daga cikinsu, yana da kyau a duba ko Windows ɗin mai bit 64 ne ko mai 32, domin manhajar da aka yi wa na farko ba ta aiki a kan na biyu.

Ga mai amfani da Linux ko Mac

A kan Ubuntu da dangoginsa umarni ɗaya ya isa: sudo apt install build-essential, wanda ke kawo g++ da sauran kayan aiki. A kan Fedora kuwa sai a rubuta sudo dnf install gcc-c++. Mai kwamfutar Mac zai buɗe Terminal ya rubuta xcode-select --install, sai Clang ta sauko ba tare da an ɗora babbar manhajar Xcode gaba ɗayanta ba. A kan Mac ko da mutum ya rubuta g++, Clang ce ke amsawa, kuma hakan ba matsala ba ne ga mai koyo.

Tsofaffin manhajoji da kwafin sata

Har yanzu wasu tsofaffin littattafai da bayanan aji suna tura ɗalibai zuwa ga Turbo C++, wadda kamfanin Borland ya fitar a 1990 domin tsarin DOS. Ta girmi ƙa'idojin 1998, saboda haka tana karɓar salon rubutun da sababbin kwamfailoli ke ƙi, kamar iostream.h da void main, ita kuma ba ta gane mafi yawan abin da aka ƙara wa harshen daga baya. Ba ta ma tashi a kan Windows mai bit 64 sai da taimakon wata manhaja irin su DOSBox. Wanda ya koya da ita zai sake koyo a ranar da ya fara aiki. Haka nan ainihin Dev-C++ ta farko, wadda aka daina sabuntawa a 2005, tana ɗauke da tsohuwar GCC. Idan malami ya wajabta ɗaya daga cikinsu domin jarrabawa, babu laifi ɗalibi ya bi umarni, amma ya ajiye sabuwar kwamfaila a gefe ya riƙa gwada aikinsa a kanta.

Game da faifai da filashin da ake sayarwa da sunan manhajar da aka karya makullinta, babu dalilin sayensu tunda na asali kyauta ne. Irin waɗannan kwafi sanannun hanyoyi ne na shigar da ƙwayoyin cuta masu satar lambobin sirri. Haka kuma a guji shafukan da ke cike da tallace-tallace da maɓallan saukewa na bogi. Kowace daga cikin manhajojin da aka ambata tana da shafinta na asali, kuma daga can ya kamata a ɗauko ta.

Yadda za a tabbatar tana aiki

Ga wanda ya ɗora GCC, gwajin farko shi ne ya buɗe tagar umarni ya rubuta g++ --version. Idan lambar siga ta bayyana, to komai ya daidaita. Idan Windows ya ce bai san wannan umarni ba, mafi yawan lokuta matsalar daga PATH take, kuma bayan an gyara shi sai an rufe tagar an sake buɗe ta kafin gyaran ya fara aiki.

Gwaji na biyu shi ne a rubuta waɗannan layuka, a adana su da suna gaisuwa.cpp:

#include <iostream>
int main() {
    std::cout << "Barka da zuwa" << std::endl;
    return 0;
}

Sai a ba da umarnin g++ -std=c++17 -Wall gaisuwa.cpp -o gaisuwa. Sashen -std=c++17 yana gaya wa kwamfaila ta bi ƙa'idojin 2017, shi kuma -Wall yana sa ta yi gargaɗi a kan kurakuran da za ta iya bari su wuce. Idan ba ta ce komai ba, alama ce ta nasara, kuma za a tarar da sabon fayil a cikin foldar. Idan ta jero kurakurai masu yawa, a fara da na farko, domin sau da dama alamar rufe layi guda da aka manta ita ke haifar da sauran.

Sauran harsuna da kuma wanda ba shi da kwamfuta

Mai koyon Java, harshen da kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, yana buƙatar JDK, domin a cikinta ne kwamfailar javac take. JRE tana tafiyar da manhajar da aka riga aka fassara ne kawai. Ana samun JDK kyauta daga OpenJDK ko Eclipse Temurin. Mai koyon C# kuwa zai ɗora .NET SDK daga shafin Microsoft, ita ma kyauta.

Wanda bai mallaki kwamfuta ba tukuna zai iya farawa da shafuka irin su Compiler Explorer da OnlineGDB, inda ake rubutu a fassara a kan intanet. A wayar Android kuma manhajar Termux tana ba da damar ɗora Clang da umarnin pkg install clang, kuma bayan an ɗora ta ba a buƙatar data wajen fassara. Waɗannan sun isa ga ƙananan atisaye, amma babban aiki irin na kammala karatu yana buƙatar kwamfuta.

Abin da ya fi alfanu shi ne ɗalibi ya zaɓi hanya ɗaya, ya ɗora ta tun makon farko na zangon karatu, ya gwada ta da ƙaramin rubutu irin wanda ke sama, sannan ya adana fayil ɗin ɗorawar a filashi saboda ranar da kwamfuta za ta buƙaci gyara. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma daren miƙa aikin aji ba lokacin neman kwamfaila ba ne.