Ajiye Kwafin Shafinku Nesa da Gida: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Da tsakar daren 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVH da ke Strasbourg a Faransa, inda kwamfutoci masu ɗauke da shafukan intanet suke jibge. Gini ɗaya ya ƙone ƙurmus. Masu shafuka da dama sun wayi gari ba shafi, ba kwafinsa, domin kwafin ma a wannan harabar yake ajiye. Kwafin da ke zaune wuri ɗaya da shafi, abin da ya ci shafin zai ci shi, ko wuta ce, ko ɗan kutse, ko rufe asusu saboda kuɗin haya bai shiga ba.

Shafi irin na WordPress kashi biyu ne. Akwai fayiloli: hotuna, zubin shafin da ƙananan manhajojinsa. Akwai kuma rumbun bayanai, inda rubuce-rubuce, sunayen masu rajista da odar masu saye suke. Wanda ya kwafi fayiloli ya bar rumbun, gangar jiki ya ɗauka ya bar rai.

Masu sana'ar kula da bayanai suna da ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya a wani wuri mai nisa. Nan ne ma'adanar gajimare take shigowa, wato kwamfutocin wani kamfani da ake hayarsu ta intanet, kamar Google Drive, Dropbox ko Amazon S3. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, sai dai Gmail ma daga ciki yake ci.

Kada ku dogara da tunawa. Yau aiki, gobe biki, jibi ba data, sai a shafe watanni ba a kwafa ba. Ku bar wa na'ura aikin. A WordPress, manhajar UpdraftPlus tana ba ku damar zaɓar lokaci da inda za a tura kwafin. Mai kula da sabarsa da kansa, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinsa, zai iya haɗa mysqldump, mai fitar da rumbun bayanai, da rclone, mai tura shi gajimare, sannan cron ya riƙa tayar da su kowane dare. Tun da daga sabar kwafin yake tashi kai tsaye, datar wayarku ba ta shiga ciki. Shagon da ake ciniki kullum yana buƙatar kwafin kullum. Shafin da ba a cika taɓawa ba, mako-mako ya ishe shi.

Ku riƙe tsofaffin kwafi na makonni da dama. Sau da yawa ba a gano kutse sai ya daɗe, kuma idan sabon kwafi yana goge na jiya, gurɓataccen ne kawai zai rage muku. Asusun gajimaren kuma a ba shi kalmar sirri tasa daban, da tantancewa mai mataki biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin gwaji. A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyan GitLab ya goge rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure. Da aka je ɗauko kwafi, sai aka tarar hanyoyin ajiyar da aka tanada ba sa aiki yadda ake zato, aka yi asarar bayanan kusan awa 6. Kamfani ne na ƙwararru fa. Don haka duk bayan wata biyu ko uku, ku sauko da kwafi ɗaya, ku ɗora shi a shafin gwaji, ku duba ko hotuna sun fito, ko odar makon jiya tana nan.