Zauren Aiki na Tarayya a Ƙasar Zamfara

Tun zamanin da jirgin ƙasa ya iso Gusau yana kwasar gyaɗa da auduga, al'adar garin ce baƙon fatake ya sami fatoma wanda zai sauke shi, ya adana masa haja, ya kuma haɗa shi da masu saye. To, wannan hidima ce ta dawo cikin sabuwar kama, inda mutum zai kama gida, ya zuba tebura da kujeru, ya tanadi intanet da lantarki, sa'an nan masu aiki da kwamfuta, 'yan gari da matafiya, su riƙa biyan kuɗin zama na yini ko na wata.

Sai dai fa jarin wannan sana'a, in an duba haƙiƙa, wuta ce. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, janareta ya zama mai cinye riba, don haka mai hikima ya gwammace ya ɗora faifan sola a kan rufi, ko da kuwa kuɗin batur zai sa shi gumi. Kuma ba a manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar saboda 'yan bindiga, har masu ciniki ta waya suka koma neman sabis a maƙwabtan jihohi.

Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da matasan Tsafe da Bunguɗu masu tallar kaya ta WhatsApp, su ne ginshiƙin ciniki. Wanda ya zauna jiran baƙi daga Ingila, lalle zai daɗe bai ga kuɗin haya ba.